Mai Son Barin Giya Ya Nemi 'Yan'uwansa

Jama'a, yau maganarmu a kan giya ce, da inda mai son barinta zai sami mataimaka. Waɗansunku za su ce ina ruwanmu, ai tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, shari'a ta hana ta a Zamfara. Haka ne. Amma wanda ya riga ya saba yana nan yana sha a ɓoye, ko burkutu, ko ogogoro, ko 'yar kwalbar nan da ke shiga aljihu. Kunya da tsoron bulala sun hana shi faɗa wa kowa, har hanta ta lalace, ciki ya kumbura, idanu su yi rawaya. To, da kai na ke, kai da ka sha rantsuwa ka bari, bayan kwana uku ka koma.

Da fari dai, in ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke farat ɗaya kana gida. Jikin da ya saba ya kan tayar da rigima. Kafin kwana ɗaya ya cika sai hannu ya kama rawa, ga gumi, ga amai, ga rashin barci. Wani ya kan faɗi kamar mai farfaɗiya. A kwana na 2 ko na 3 wani sai ya shiga sambatu da gane-gane, har mutanen gida su ce iska ce. Wannan ciwo yana kisa, amma akwai maganinsa. Ka zo ɗakin shan magani, ka ce kana son ganin malamin asibiti kai kaɗai, ka gaya masa abin da ka ke sha da yawansa. Aikinmu magani ne, kuma asirin majiyyaci amana ne a wurinmu. In abin ya fi ƙarfinmu, za a ba ka takarda zuwa babban asibitin Talata Mafara, ko asibitin tarayya na Gusau, ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware kusa da Sakkwato. Zuwa Kware ba ya nufin ka haukace.

Magani zai raba ka da rawar jiki cikin mako guda. Kwaɗayin kuwa ya kan daɗe, nan ne ka ke bukatar 'yan'uwa. A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, wani dillali, Bill Wilson, da wani likita, Bob Smith, duka biyu giya ta ci ƙarfinsu, suka zauna suka faɗa wa juna halin da su ke ciki. Sai suka ga abin da ya gagari kowannensu shi kaɗai ya yi sauƙi da suka haɗu. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, watau mashaya masu ɓoye suna, wadda yanzu ta bazu a ƙasashe da yawa. Musulmi ma sun kafa irin tasu, Millati Islami, a birnin Baltimore a 1989.

Ga yadda zaman ya ke. A kan taru sau ɗaya a mako, kamar sa'a guda. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta suna, ba malami ba ɗalibi. Kowa ya faɗi nasa, sauran su saurara, ba mai yi wa wani faɗa. Abin da aka ji a wurin, a wurin a ke barinsa. Ba a ce ka yi alkawarin har abada ba, na yau kaɗai za ka yi, gobe ka sāke. Wanda ya zame ya sha, ya dawo mako mai zuwa, ba a korarsa. Ni dai a ganina wannan ne ya fi kome amfani, gama mai zamewa in aka kunyata shi, wurin masu sayarwa zai nufa.

Irin wannan zama ba a kafa masa allo a bakin hanya, balle a ƙasarmu. Sai da tambaya. Tambayi malamin asibitin da ya duba ka ko ya san wani da ya bari, wanda zai yarda ku gana. In an aike ka Gusau ko Kware, kafin a sallame ka tambayi ma'aikatan ko masu jinya irinka suna da ranar haɗuwa. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kamu tana da masu ba da shawara. Liman ko fasto mai riƙon asiri shi ma ya kan san wanda ya tuba ya tsaya.

In ka sami mutum ɗaya tak, ya isa, ai da biyu aka fara. Ku sa ranar Talata, da ya ke mutanen Bakura da Maradun suna shigowa kasuwar Mafara, ba mai tambayarku abin da ya kawo ku. Ku zauna da rana, kowa ya koma gida da sauran haske, kun dai san halin hanya. Ku karɓi lambar wayar juna, ranar da kwaɗayi ya taso da dare ka kira shi kafin ka sa takalmi.