Bayan shekarun reno: Yadda za ki fuskanci intabiyun neman aiki

Mata da yawa sun gama karatu, sai aure da haihuwa suka biyo baya, takardu suka kwanta a ƙasan akwati shekara huɗu ko biyar. Yau ga tsadar abinci, ga kuɗin makarantar yara, uwargida ta kaɗe musu ƙura ta nemi aiki, har an kira ta intabiyu. A nan gaba ke fara faɗuwa: me zan ce idan aka tambaye ni inda na shige duk shekarun nan?

'Yar'uwa, fara da sanin wanda za ki zauna a gabansa. Jami'in sashen kula da ma'aikata ba kasafai yake gwada zurfin iliminki ba, wannan aikin shugaban sashen da za ki shiga ne. Shi damuwarsa uku ce: takardunki sun inganta? Za ki riƙa zuwa a kan lokaci? Za ki daɗe, ko wata uku za ki yi ki ajiye?

Takardu tukuna

Ki duba sunanki da ranar haihuwarki a satifiket, da katin NIN, da shaidar hidimar ƙasa. Idan kin koma amfani da sunan maigida bayan aure, ki tanadi takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar canjin suna a jarida. Wadda ta gama digiri tana sama da shekara 30 ba ta zuwa hidimar ƙasa, amma sai ta karɓi takardar yafewa daga NYSC. Mu ma'aikatan jinya kuwa, lasisin da wa'adinsa ya ƙare kan rufe ƙofa tun kafin a fara magana. Ki tafi da na asali da kwafinsu a fayil guda.

Tambayar giɓin shekaru

Kada ki ɓoye, kada kuma ki shiga ba da haƙuri kamar wadda ta yi laifi. Jimla biyu ko uku sun isa: "Na tsaya renon yarana daga 2020 zuwa 2024. A lokacin na riƙe asusun adashin mata talatin, na kuma koyi aiki da kwamfuta. Yanzu na shirya dawowa aiki." Ki sa abin da kika yi da gaske, da lissafinsa. Sana'ar gida, koyarwa a Islamiyya, aikin rigakafin shan inna a unguwa, duk gogewa ce.

"Wa zai kula da yaran?"

Ba a cika yi wa maza wannan tambayar ba, amma ke ki sa rai da ita. Ki amsa da tsari, ba da labarin gida ba: wa ke kai yara makaranta, wa ke ɗauko su, wa ke tsayawa ranar da zazzaɓi ya kama ɗaya. Wannan magana ce da ya kamata ku gama da maigida tun kafin ranar, musamman idan aikin na da kwanan dare. Idan aka zarce zuwa "yaushe za ki sake haihuwa?", ki ce cikin ladabi al'amarin iyali ne, ki dawo da zance kan aikin.

Ki san haƙƙinki

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mai juna biyu hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin. Mai shayarwa na da rabin awa sau biyu a rana. Gwamnatin Tarayya na ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa da ya fi mako 12, jihohin Kaduna da Legas kuma wata shida. Sai dai dokar ba ta rufe masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, su abin da ke cikin takardar ɗaukar aiki ne madogararsu. Don haka ki tambaya, ki kuma gan shi a rubuce kafin ki sa hannu.

Haka batun albashi. Ki tambayi abin da zai shigo asusunki bayan an cire haraji da fansho, domin a dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, wurin aiki ya ƙara kashi 10. Ki lissafa kuɗin mota da na mai reno, kada a yi aikin baban giwa.

Daren jajibiri ki goge kayanki, ki sa wata ta yi miki tambayoyin ki amsa da babbar murya. Mai shayarwa ta tatsa nono ta bari a gida, domin jiran layi kan kai azahar. Idan ta waya za a yi, ki cika caji, ki sayi data, ki samu ɗakin da yara ba za su faɗo ba.

Wadda ta taɓa shiga irin wannan zama, wace tambaya ce ta fi ba ki wuya? Faɗa mana, wata na shirin nata a makon nan. Allah Ya ba mai rabo sa'a.