Murya da Na'ura: Darasin Faifan da Chris Cornell Ya Fitar a 2009

Yana daga cikin jarrabawar da ke samun ma'abota fasaha, idan shekaru suka tura, suna ya kafu, cewa zuciya takan riƙa raya musu su bar tafarkin da aka san su da shi, su bi wanda matasan zamani suke yayi. Kuma da wuya a sami misalin da ya bayyana haɗarin wannan waswasi kamar abin da ya faru da Chris Cornell, mawaƙin rok na Amurka, wanda aka haifa a birnin Seattle a 1964.

Wannan bawan Allah, tun da ya kafa ƙungiyar Soundgarden tare da abokansa a 1984, yana kaɗa ganga yana kuma rerawa kafin ya sallama gangar ga waninsa, ya shahara da murya mai faɗin zango, wadda takan sauka ƙasa ta yi kauri, sa'an nan ta tashi sama har ta rinjayi rugugin jita. Faifansu mai suna Superunknown ya hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard a 1994, waƙoƙi biyu daga cikinsa kuma suka ci lambar Grammy. Bayan watsewar ƙungiyar a 1997, ya jagoranci ƙungiyar Audioslave daga 2001 zuwa 2007, ya kuma rera waƙar buɗe fim ɗin James Bond, Casino Royale, a 2006. Saboda haka mutum ne da ya riga ya kai muƙamin malami a fanninsa.

Sai ga shi a watan Maris na 2009, yana da shekara 44, ya fito da faifai mai suna Scream, wanda Timbaland ya tsara masa kiɗansa, wato gwanin da ya ɗaukaka faifan Justin Timberlake da na Nelly Furtado a 2006. Aka kawar da jita gefe, aka maye gurbin makaɗa da na'ura, aka sarƙa waƙoƙin ba tare da tsayawa a tsakaninsu ba. A bangon faifan ma hoton Cornell ne ya ɗaga jita zai rotsa ta da ƙasa. Faifan ya shiga jerin Billboard a matsayi na 10, amma bai daɗe ba ya sulale, masu sharhi da yawa suka kushe shi, har takwaransa Trent Reznor ya bayyana a Twitter cewa sauraronsa ya sa shi jin kunya a madadin mai shi.

Da yawa daga cikin masoyansa sun ɗauki lamarin tamkar ridda daga mazhabar rok, suna kafa hujja da cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan hukunci, a ganina, bai cika sharaɗin adalci ba, domin mawaƙi David Bowie ya yi irin wannan hijira a 1983, lokacin da ya haɗa kai da mai tsara kiɗa Nile Rodgers suka fitar da faifan Let's Dance, ya kuwa sami karɓuwar da bai taɓa samu ba. Bambancin shi ne Bowie ya daɗe yana ɗalibtar kiɗan baƙaƙen Amurka, tun faifansa Young Americans na 1975, ya shiga fagen da guzurinsa.

Illar Scream tana cikin ginin kiɗan kansa. Waƙoƙin Soundgarden da yawa an gina su ne a kan awo mai wuyar bi, kamar Spoonman mai bugu bakwai-bakwai, inda makaɗa ke sauraron numfashin mawaƙi, su sassauta in ya ja murya, su tsananta in ya tashi. Kiɗan rawa kuwa, irin na Scream, bugu huɗu ne da ke maimaita kansa babu ragi babu ƙari, na'urar ba ta jiran kowa, murya a cikinsa ado ce kawai da ake gutsuttsurawa a jera. Ta haka aka ɗauki babbar baiwar mutumin, aka matse ta, aka tace ta da kwamfuta, har ta zama abin da kowane matsakaicin mawaƙi zai iya rerawa. Shi kuma Timbaland aka hana shi irin muryoyi masu sauƙi da gwanintarsa ta saba sarrafawa.

Cornell bai yi tawassuli da uzuri ba, ya ci gaba da kare faifan, amma aikin da ya yi daga baya ya nuna inda ya gane ƙarfinsa yake: Soundgarden ta sake haɗuwa a 2010, shi kuma ya zaga yana waƙa da jita guda, abin da ya haifar da faifan Songbook a 2011, kafin rasuwarsa a Detroit a 2017.

Abin da ya kamata mai fasaha ya auna kafin ya sauya salo shi ne ko ijtihadi yake yi ko taƙlidi. Mai ijtihadi yakan shiga sabon fage ne bayan ya ƙoshi da usulinsa, ya tafi da baiwarsa ta yi masa jagora. Mai taƙlidi kuwa yakan miƙa baiwar ga wani ya yanka ta daidai da awon kasuwa, kuma masu sauraro, ko da ba su san ƙa'idar kiɗa ba, ba su cika kasa rarrabe biyun ba.