Kafewar Kulocin Sitiyarin Katafila da Yadda Ake Gyara Shi

Tun zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da na Juyin Noma na 1980 aka shigo da katafiloli masu yawa ƙasar nan domin sharar daji da gina madatsun ruwa. Har yanzu akwai ragowarsu a gonaki da garejoji, wasu an jingine su alhali injinsu lafiya lau. Sau da yawa abin da ya kashe musu aiki bai wuce kafewar kulocin sitiyari ba. Wannan kuwa cuta ce mai magani.

Yadda katafila take juyawa

Katafila ba ta da ƙafafun gaba masu karkata irin na mota. A kan sarƙa biyu take tafiya, kowace sarƙa da nata kuloci da nata birki. Kulocin nan tarin faya-fayai ne, na ƙarfe da na fiba, an jera su ɗaya bayan ɗaya, sifirin masu ƙarfi sun matse su wuri guda. Idan direba ya ja libar hagu, sai faya-fayan hagu su saki, sarƙar hagu ta rasa ƙarfi, ta dama kuma ta ci gaba da turi, katafila ta karkata hagu. In ya haɗa da taka birki, sai ta juya nan take.

Abin da yake kawo kafewa

A tsofaffin katafiloli da yawa, irin su Caterpillar D2 wadda aka ƙera daga 1938 zuwa 1957, kulocin busasshe ne, watau ba cikin mai yake gudu ba. Idan aka bar katafila a fili damina guda ko biyu, ruwan sama da raɓa sukan shiga ɗakin kulocin. Tsatsa ta ci faya-fayan ƙarfe, na fiba su kumbura, duka su manne tamkar dunƙule ɗaya. Alamar ita ce direba ya ja liba amma katafila ta miƙe abinta, in ya taka birki kuma inji ya yi nishi kamar zai mutu.

Matakan gyara

Na farko, a duba liba da sandunan da suka haɗa ta da kuloci. Wani lokaci saiti ne kurum ya kwance, ko wani fil ya kafe. A daidaita wasan liba bisa ga littafin mashin ɗin.

Na biyu, a kwance notin da yake ƙarƙashin ɗakin kuloci a tsiyaye ruwa da laka.

Na uku, a kai katafila fili inda babu mutane, ko rami, ko gini. A sa ta a ƙaramar giya, a tura tudun ƙasa ko kututture, a riƙe libar gefen da ya kafe a jaye, ana taka birkinsa ana saki. Zafi da jijjiga sukan ɓalle tsatsar. Kada a dage har birki ya ƙone.

Na huɗu, idan wannan bai yi ba, a mayar da notin, a zuba kananzir cikin ɗakin, a ɗaure libar a jaye, a bar shi ya jiƙa kwanaki. Kowace rana a motsa katafilar gaba da baya. Da zarar ya saki, a tsiyaye kananzir ɗin, a bari ya bushe, a sa wa balbiyarin saki mai. Kada a kuskura a yi amfani da fetur, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gobara.

Na biyar, in duk wannan ya faskara, sai a ciro kulocin. A wasu katafiloli ta sama ake zaro shi. A D2 kuwa sai an raba sarƙa an cire gidan giyar ƙarshe. Wannan aikin ƙwararren makaniki ne mai kayan ɗaga nauyi. Sai an danne sifirin da matsi kafin a kwance su, don in sun kuɓuce suna iya raunata mutum. A kankare faya-fayan ƙarfe, a shimfiɗa kowanne a kan gilashi, wanda ya lanƙwashe ko ya yi ramuka a sauya shi. Na fiba da suka kumbura a sa sababbi.

Gargaɗi

Tsofaffin faya-fayan fiba da birki suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa take kawo ciwon huhu da sankara. Kada a hura ta da iska. A jiƙa ta, a goge da tsumma, a rufe hanci da baki. Haka nan kada kowa ya shiga ƙarƙashin katafila tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da katako mai kauri.

Rigakafi ya fi magani

A ajiye katafila a ƙarƙashin rumfa, ko a rufe ta da tamfol. Kowane wata a tashe ta, a juya ta hagu da dama sau da yawa. Bayan ruwan sama ko aiki a fadama, a tsiyaye ɗakin kuloci. Mai wannan ɗan kulawa ba zai tarar da katafilarsa ta kafe ba ranar da sharar gona ta kama.