Motar Da Ke Shan Ruwa Don Ta Ƙara Ƙarfi

Turbo yana matse iska ya cusa wa injin, amma matsin yana ɗumama ta. Iska mai zafi kuwa tana sa fetur ya kama kafin lokacinsa, har fistin ya lalace. Intercooler ne ke sanyaya ta kafin ta shiga. In ka ƙara wa turbo ƙarfi ka bar ƙaramin intercooler, injinka zai ji jiki, musamman a zafin Afrilu.

A 2016 BMW M4 GTS ta fito da tankin ruwa mai lita 5. Ana fesa ruwan cikin iskar, ya zama tururi ya kwashe zafi. Ƙarfin motar ya tashi daga doki 431 zuwa 500. Sai dai tataccen ruwa ake zubawa, ba na famfo ba.