Hazo da Tafiyar Ƙarshen Shekara: Gaskiya ko Jita-jita?

Da Disamba ta kama, tashoshin mota da filayen jirgin sama sukan cika maƙil da masu zuwa gida Kirsimeti, da ɗaliban da aka yi wa hutu, da 'yan biki, tunda kowa ƙarshen shekara yake kai ɗaurin aurensa. A lokacin ne kuma hunturu yake kankama, maganganu su yi ta yawo.

Wai masu hasashen yanayi shaci-faɗi kawai suke yi. Jita-jita ce. Kaso mai yawa na ƙurar da ke lulluɓe Maiduguri da Kano da Damagaram daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar garin ƙasa mai laushi. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta. Tauraron ɗan'adam yana hango ta tun tana tashi, kuma sai ta yi kwana ɗaya ko biyu a hanya. Saboda haka idan hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ta yi gargaɗi cewa hazo mai kauri na tafe, ido ne ya gani.

Inda gizo ke saƙar shi ne nisan kwanakin. Hukumar yanayi ta Amurka ta ce hasashen kwana 5 yakan dace kusan sau 9 cikin 10, na kwana 7 sau 8, na kwana 10 kuwa rabi da rabi ne. Wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp tun Nuwamba cewa jirgi ba zai tashi ranar 24 ga Disamba ba, shi ne mai shaci-faɗin.

Sai maganar da ta fi tayar da jijiyar wuya a ɗakin jira na filin jirgi idan an jinkirta tashi: "Ga gari garau a Abuja, wane irin hazo? Kamfanin ne ke yaudararmu." Jirgi ba ya jin tsoron hazo a sama, don can birbishinsa yake bi. Sauka ce matsalar. Garin da za a je ake dubawa, wani lokacin ma garin da jirgin zai taso ya zo ya ɗauke ku. Ko a filin da ke da na'urar jagorantar sauka mai matakin farko, sai matuƙi ya iya hangen kimanin mita 550 a kan titin saukar jirgi. Inda babu ita, ko ta lalace, tazarar da ake buƙata ta fi haka nesa ba kusa ba. A Fabrairun 2020 jiragen ƙasashen waje da dama da suka nufi Legas a Akara suka sauka, saboda hazo ya rufe gari alhali ba a gama daidaita sabuwar na'urar filin ba. Laifin a nan na kayan aiki ne fiye da na iska. Ko kamfanoni kan laɓe a bayan hazo? Ba a rasa ba. Idan ka ga jiragen wasu suna ta sauka a garin, kana da damar tambaya, ko da yake ba kowane jirgi da matuƙi ke da izinin sauka a yanayi iri ɗaya ba.

Direbobi kuma suna cewa doguwar fitila ce maganin hazo. Akasin haka ne: haskenta yakan bugi ƙurar ya dawo idon direba, ya kuma kashe wa mai tahowa ido. A kunna gajeriya, a rage gudu, a bar tazara.