Dalilin Da Sarrafa Tsohuwar Kwamfuta Daga Nesa Ke Yin Nawa

Tun a 2001 kamfanin Microsoft ya sanya Remote Desktop cikin Windows XP Professional, domin mutum ya iya sarrafa wata kwamfuta daga tasa. Sai dai a tsofaffin kwamfutocin gida, sau da yawa a danna linzami, allon ya yi jinkiri kamar mai tafiyar hawainiya.

Masu gyara kan fara duba hanyar sadarwa. Tsohuwar na'urar Wi-Fi ta tsarin 802.11g ba ta wuce megabit 54 a daƙiƙa ko a takarda, a zahiri kuwa da ƙyar take kai rabin haka, balle akwai bango a tsakani. Wayar Ethernet ta megabit 100 ta fi ta tabbas nesa ba kusa ba. Umarnin ping yakan tona asiri: in lokacin amsar yana hawa yana sauka, hanyar ce ke da matsala.

Daga nan sai nauyin hoton da ake aikawa. Rage launi daga bit 32 zuwa 16, cire hoton bangon allo, da kashe rausayar tagogi suna sauƙaƙa aikin sosai. Manhajar VNC, wadda ita ma ake sarrafa kwamfuta daga nesa da ita, ta fi jin wannan nauyi, domin hoton allon take turawa guntu-guntu.

Wani lokaci kuma kwamfutar da ake shiga ce ta gaji. A buɗe Task Manager. In faifan ajiya ya maƙale a kashi 100, sauya shi da SSD yakan fi kowane saiti amfani.