Archaeopteryx: Tsuntsu mai haƙora da ya rayu a zamanin dainoso, da abin da labarinsa ke tuna wa Najeriya

Duk wanda ya taɓa fige kaza ya san cewa ba ta da haƙori, babu yatsu a fiffikenta, jelarta kuma ɗan guntun nama ne da gashi ya lulluɓe. Haka tantabara take, haka hankakan da ke shawagi a unguwannin Abuja yake. Amma a gidajen tarihi na Landan da Berlin da Shikago akwai wasu fale-falen duwatsu da ke ɗauke da ƙasusuwan wani tsuntsu da ya saɓa wa wannan siffa baki ɗaya. Yana da gashi da fikafikai kamar kowane tsuntsu, yana kuma da haƙora a baki, da yatsu uku masu farata a kowane fiffike, da doguwar jela ta ƙashi irin ta ƙadangare.

Masana sun raɗa masa suna Archaeopteryx, kalmar da aka haɗa daga harshen Girka mai ma'anar tsohon fiffike. Ƙiyasinsu ya nuna cewa ya rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, a zamanin da manyan dabbobin nan da ake kira dainoso ke mamaye da doron ƙasa.

Yadda aka gano shi

Labarin ya faro ne a yankin Solnhofen da ke jihar Bavariya, a kudancin Jamus, inda aka daɗe ana haƙar wani dutsen farar ƙasa mai laushin fuska, wanda maɗaba'u ke amfani da shi wajen buga hotuna da taswirori. Da yake da hannu leburori ke tsaga dutsen falle-falle, idonsu kan kai ga duk abin da ke kwance a tsakani.

A shekarar 1861 wani masani Bajamushe, Hermann von Meyer, ya bayyana wa duniya shatin gashin tsuntsu ƙwaya ɗaya da aka samu a cikin wannan dutse, shi ne kuma ya ba shi suna. A wannan shekarar aka tono ƙwarangwal kusan cikakke, wanda ya faɗa hannun wani likita mai suna Karl Häberlein. A 1862 likitan ya sayar da shi, haɗe da wasu duwatsu masu yawa da ya tara, ga gidan tarihin Birtaniya a kan fam 700. Shi ne ake kira samfurin Landan.

A tsakiyar shekarun 1870 aka sake samun wani kusa da garin Eichstätt, wanda ya fi na farko kyau, domin kansa na nan, fikafikansa kuma a buɗe. Attajirin masana'antu Werner von Siemens ne ya ba da maki 20,000, kuɗin Jamus na lokacin, domin kada a fitar da shi daga ƙasar. Yana nan a Berlin har yau. Zuwa yanzu samfura kusan 14 aka sani, dukkansu daga wannan yanki guda suka fito.

Me ya sa bai ruɓe ba?

Ƙashin tsuntsu siriri ne, cikinsa kuma fanko, shi ya sa da wuya ya daɗe bayan mutuwa. Kafin a ankara namun dawa da ƙwari da ruwan sama sun gama da shi. Sai an yi dace da wuri na musamman kafin ya tsira.

A wancan zamani kudancin Jamus tsibirai ne a cikin teku mai ɗumi marar zurfi. Tsakanin tsibiran akwai tafkuna da ruwan ƙasansu ya cika gishiri, iskar shaƙa kuma ta yi ƙaranci, ta yadda kusan babu abin da ke rayuwa a can. Idan tsuntsu ya faɗa ya nutse, babu mai cin gawarsa. Laka mai laushi ta rufe shi a hankali, shekaru suka yi ta tafiya, lakar ta daskare ta zama dutse, ta adana har shatin zaren gashinsa.

Game da shekaru kuwa, masana na duba jerin shimfiɗun duwatsu, domin na ƙasa ya girmi na sama. Suna kuma auna wasu sinadarai da ke cikin tokar aman wuta, kamar yuraniyom da ke rikiɗa zuwa dalma a kan wani ma'auni da aka sani. Daga nan sai a kwatanta shimfiɗar wani wuri da ta wani ta hanyar ƙananan halittun teku da suka daskare a cikinsu.

Tsuntsu ne ko dainoso?

Girman Archaeopteryx bai wuce na hankaka ba. Mafi girma daga cikin samfuran ya kai kusan rabin mita daga baki zuwa ƙarshen jela, nauyinsa kuma bai fi kilo ɗaya ba. Gashin fiffikensa yana da gefe ɗaya siriri, ɗaya mai faɗi, wanda shi ne tsarin gashin tsuntsaye masu tashi. Yana kuma da ƙashin nan mai reshe biyu da ake samu a gaban ƙirjin kaza.

Sai dai sauran jikinsa ya fi kama da na ƙananan dainoso masu cin nama da ke tafiya da ƙafa biyu. Kamannin sun kai matsayin da wani samfurin da shatin gashinsa bai fito sosai ba ya shafe shekaru a ajiye ana ɗaukarsa ƙaramin dainoso ne.

An gano shi shekara biyu kacal bayan Charles Darwin ya wallafa littafinsa kan asalin nau'o'in halittu a 1859, don haka ya faɗo tsakiyar muhawara mai zafi. Thomas Huxley ya nuna kamannin da ke tsakanin ƙasusuwan tsuntsaye da na dainoso. Batun ya kwanta na tsawon lokaci, har sai da Ba'amurke John Ostrom ya sake tayar da shi a shekarun 1970. A 1985 wasu, ciki har da masanin taurari Fred Hoyle, suka yi zargin cewa manna gashin aka yi a kan samfurin Landan. Ma'aikatan gidan tarihin suka bincika, suka nuna cewa ƙananan tsagogin da suka ratsa gashin sun dace da juna a fuskokin dutsen biyu, abin da hannun ɗan jabu ba zai iya ƙirƙira ba.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga ƙasar Sin. A 1996 aka gano Sinosauropteryx a lardin Liaoning, ƙaramin dainoso ne da jikinsa ke lulluɓe da wani irin gashi. Daga baya aka yi ta samun wasu masu cikakken gashin tsuntsu. A yau mafi yawan masana wannan fanni sun tafi a kan cewa tsuntsaye reshe ne na dainoso, kuma shi kaɗai ne reshen da ya rage.

Shin yana iya tashi?

Archaeopteryx ba shi da babban ƙashin ƙirji mai tudu, wanda a jikinsa tsokar bugun fiffike ke kamawa a tsuntsayen yau. Wannan ya sa wasu suka ce lilo kawai yake yi daga bishiya zuwa ƙasa. Amma wani bincike da aka wallafa a 2018, bayan an haska cikin ƙasusuwan fiffikensa da na'ura a birnin Grenoble na Faransa, ya nuna cewa sun fi kama da na tsuntsayen da ke zabura su yi ɗan gajeren tashi su sauka, irin yadda fakara ko zabo ke yi idan an firgita su.

A 2025 masana a gidan tarihin Field da ke Shikago suka wallafa sakamakon nazarin nasu samfurin, wanda girmansa bai fi na tantabara ba. Sun ga wani jerin gashi da ke cike giɓin da ke tsakanin fiffike da jiki, wanda in babu shi iska za ta riƙa zurarewa ta hana tashi. A shekarar ne kuma aka sanar da gano Baminornis a lardin Fujian na Sin, wanda shekarunsa suka yi kusa da na Archaeopteryx, amma jelarsa gajera ce kamar ta tsuntsayen yanzu. Wannan ya nuna cewa tun a wancan lokaci tsuntsaye sun riga sun rarrabu iri-iri.

Kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. Ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, manyan dainoso suka ƙare, tsuntsaye masu haƙora ma suka bi su. Wasu ƙalilan marasa haƙora ne suka tsira, kuma masana na danganta nau'o'in tsuntsaye fiye da 10,000 da ke duniya a yau da su, daga jimina har zuwa bainu.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu

Wannan labari bai tsaya a Turai da Sin ba. A tsibirin Madagaska an samu tsuntsayen zamanin dainoso, irin su Vorona da aka bayyana a 1996. A Jamhuriyar Nijar kuwa, yankin Gadoufaoua da ke hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, yana cikin wurare mafiya arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a can tun shekarun 1960, Ba'amurke Paul Sereno ya biyo baya. Daga can aka samo Ouranosaurus da Suchomimus da Nigersaurus mai haƙora kusan 500, da ƙaton kada Sarcosuchus. Mai ziyarar gidan tarihin Boubou Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal ɗin wasu daga cikin irin waɗannan dabbobi da idonsa.

A Najeriya, a ƙarshen zamanin dainoso, wani hannun teku ya ratso Sahara ya rufe yankin Sakkwato. A 1930 masanin Birtaniya William Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku daga lardin. Masana daga Italiya suka ƙara tono wasu, a 1972 suka sa masa suna Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo na Najeriya. A duwatsun Dange da Wurno da kewaye an samu haƙoran kifaye da ƙasusuwan kadoji da na kunkuru.

Najeriya na da nata tsohon tsuntsun ma, ko da yake ya zo ne bayan shuɗewar dainoso, fiye da shekara miliyan 40 da suka wuce. Lokacin da ake fasa tudu domin shimfiɗa layin dogon Fatakwal zuwa Inugu, an tono ƙashin ƙirjin wani ƙaton tsuntsun teku a yankin Ameki. A 1916 Charles Andrews na gidan tarihin Birtaniya ya sa masa suna Gigantornis eaglesomei, domin karrama John Eaglesome, injiniyan da ya jagoranci gina layin dogon Baro zuwa Kano. Wasu masana sun ƙiyasta cewa faɗin fikafikansa a buɗe ya kusa mita 6. Wannan ƙashi yana ajiye a Landan.

Darasin da ke ciki

Abin lura shi ne, ba masana ne suka fara ɗora ido a kan Archaeopteryx ba, masu fasa dutse ne. Gigantornis ma aikin layin dogo ne ya fito da shi. A yau ana haƙar farar ƙasa da sauran ma'adinai a sassa da dama na Najeriya, ana fasa tuddai domin hanyoyi da madatsun ruwa. Idan mai haƙa bai san darajar abin da ya gani ba, ƙashin da ya kwana shekara miliyan 70 a ƙasa zai iya zama gari cikin daƙiƙa guda, kuma ba a mayar da shi.

Akwai kuma batun mallaka. A 2023 Jamus ta mayar wa Birazil burbushin wani ƙaramin dainoso mai gashi da ake kira Ubirajara, bayan masana da al'ummar Birazil sun yi ta matsa lamba. Ƙasar da ba ta da rajistar abin da aka tono a cikinta, ba ta kuma da wurin ajiya da ƙwararrun da za su kula da shi, da wuya ta iya yin irin wannan kira.

Hukumar Binciken Albarkatun Ƙarƙashin Ƙasa ta Najeriya da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa duk suna da hedikwata a Abuja, jami'o'i da dama kuma, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, suna koyar da ilimin duwatsu. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan cibiyoyi da mutanen da ke riƙe da diga da shebur, a wayar musu da kai, a kuma ba su hanya mai sauƙi ta kai rahoto.

Manomi ko mai haƙa da ya ci karo da ƙashi ko haƙori ko shatin wata halitta a jikin dutse, abin da ya fi shi ne kada ya fasa, kada kuma ya ɓamɓare shi daga mazauninsa, domin shimfiɗar dutsen da yake ciki ita ce ke faɗin shekarunsa. Ya ɗauki hoto da wayarsa, ya riƙe wurin a ransa, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan a tuntuɓi sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa.